Motar Haɗawa Ko Motar Zubi: Wacce Ta Dace Da Mai Sha'awar Ƙananan Motoci A Zariya?

Duk wanda ya tashi a Zariya ya san motar kara da motar langa-langa. Yaro ya samo kara bayan girbi, ya feƙe ɓawon, ya yayyanka totuwar, ya soke da tsinke, kafin la'asar ga a-kori-kura har da tayoyin tsohon silifas. Sha'awar nan ba ta mutuwa don mutum ya yi gemu. Ido ne kawai yake ƙara buɗewa: babba so yake ƙaramar motar ta yi kama da ta gaske kwabo da kwabo, daga fitila har sitiyari.

Hanya biyu ce a gaban mai wannan sha'awa. Ta farko ita ce motar haɗawa, wato kit na roba: kwali cike da gutsattsarin mota a manne da rassan roba, kai za ka yanke, ka goge, ka yi fenti, ka haɗa. Ta biyu motar zubi: an narka ƙarfe an zuba, an yi mata fenti tun daga masana'anta, tana iso ka a game, aikinka zaɓe da adanawa. A ƙasashen da ake da shagon waɗannan kaya a kowane gari, ra'ayi ne kawai ke raba gardama. A nan kuwa abu uku ne ke shiga tsakani: ƙurar hunturu, wahalar samun fenti da gam na asali, da kuma irin motocin da ranmu ke so, waɗanda ba lalle ba ne su ne Japan da Jamus suka damu da su.

Ma'auni tukuna

Kafin a yi maganar roba ko ƙarfe, sai an fahimci lambar da ke jikin kwali. Idan aka rubuta 1/24, ana nufin an rage tsawon motar gaske sau ashirin da huɗu. Mu ɗauki Peugeot 504, wadda tsawonta ya kai kusan mita huɗu da rabi. A ma'aunin 1/18 za ta zo santimita 25, a 1/24 kusan 19, a 1/43 santimita 10 da rabi, a 1/64 kuwa 7 kacal. Kanta mai tsawon mita ɗaya za ta ɗauki uku na 1/18 a jere, ko huɗu na 1/24, ko takwas na 1/43. Mai ɗaki ɗaya a Samaru ko Tudun Wada ya yi wannan lissafin kafin ya kashe sisi.

Kit na roba ya fi yawa a 1/24. Kamfanonin Japan, wato Tamiya da Hasegawa da Aoshima da Fujimi, waɗanda dukansu a yankin Shizuoka suke, da shi suke aiki, haka ma Revell na Jamus da Heller na Faransa da Italeri na Italiya. Na Amurka irin su AMT da MPC 1/25 suke yi, bambancin kuma bai taka kara ya karya ba, ana iya jera su a kanta guda. Motar zubi kuwa gidanta 1/18 da 1/43 da 1/64.

Akwai tarko a 1/64. Hot Wheels da Matchbox da Majorette da Tomica girman kwalinsu suke bi, shi ya sa za ka ga ƙaramar mota da babbar bas tsawonsu ɗaya. Juya cikin motar ka duba: Tomica da Majorette sukan buga ainihin ma'aunin a ƙasa, wata 1/57, wata 1/61, wata ma ta wuce 1/100. Wanda yake son jerinsa ya yi daidai da juna, 1/43 ya fi masa kwanciyar hankali. Ko ma wanne mutum ya zaɓa, ya tsaya a kansa. Kantar da aka cakuɗa ma'auni huɗu teburin mai gwanjo take zama.

Wace mota kake nema?

Wannan tambayar ita ke yanke hukunci ga mutane da yawa, kuma ita aka fi tsallakewa. Galibin masu fara wannan sha'awa a ƙasar Zazzau mota ɗaya ce a ransu: Fijo. Ba abin mamaki ba ne. An fito da 504 a Faransa a 1968, masana'antar Fijo ta Najeriya, wato PAN, da ke Kakuri a Kaduna ta fara haɗa motoci a 1975, kuma an ci gaba da haɗa 504 a can har bayan shekarar 2000, lokacin da Turai ta daɗe da mantawa da ita. A lokacinta ita ce motar ma'aikacin gwamnati, ita ce tasin Kaduna zuwa Kano, ita ce ta lashe gasar Safari ta Kenya a 1975.

Mai neman 504 ya nufi motar zubi. Norev da Solido, dukansu na Faransa, da kuma IXO sun yi ta a 1/43, da salun da wagon da mai ƙofa biyu. A cikin jerin motocin tasi na duniya da aka riƙa sayarwa tare da mujalla a Turai har akwai 504 mai ruwan ɗorawa ta tasin Legas, kuma irin waɗannan na mujalla su ne mafi araha a kasuwar na hannu. A kit na roba mai 1/24 kuwa 504 abu ne mai wuyar samu a wurin manyan kamfanoni. Fijon da za ka samu a can galibi na tsere ne: Tamiya ta yi 205 Turbo 16, da 206 ta gasar duniya, da 405 T16 wadda direba Ari Vatanen ya lashe tseren Dakar da ita a 1990, shekarar da hanyar ta ratsa Agadas da Tawa da Yamai.

Idan kuwa motocin Japan ne suka fi burge ka, ko manyan motocin kaya, to kit ya fi ba ka zaɓi. Tamiya tana da Land Cruiser 80 da Pajero da Volkswagen Beetle ta 1966. Aoshima tana da Hilux da HiAce, bas ɗin da ba ta ƙarewa a tashar Kwangila. Italeri ta shahara da kan tirela na DAF da Scania da Volvo da MAN, sai dai waɗannan gutsattsarinsu sun haura ɗari biyu, shasin kuma idan ya karkace tun farko babu abin da zai zauna daidai a kansa. Ba aikin ɗan koyo ba ne.

Kuɗin kit ba a jikin kwali yake ba

Motar zubi kuɗinta ɗaya ne: farashi da kuɗin aikowa, shi ke nan. Kit kuwa kwalin somin-taɓi ne. Kuma kamfanonin jigila girman kwali suke aunawa idan kaya ba su da nauyi, shi ya sa kwalin kit mai iska a ciki yakan ci kuɗin aikowa kusan daidai da kuɗinsa. Mutum uku ko huɗu su haɗa oda ɗaya ya fi sauƙi.

Kayan aikin hannu ba matsala ba ne a Zariya. Saboda ɗaliban zanen gine-gine da na zane-zane a Jami'ar Ahmadu Bello, shagunan kayan karatu na Samaru sukan ajiye wuƙar yanka kwali mai canza baki, da burushi ƙanana, da salatif na takarda. Sauran a kasuwar Sabon Gari: ƙaramar filaya mai yanka waya, hantsaki, tsinken sakace, da samfefa ta ruwa daga wurin masu kayan fentin mota. Lambobin samfefar da ake buƙata su ne 400 da 600 da 1000 da 1500 da 2000. Abin yanke farce ma yana iya cire gutsure daga reshe, muddin za ka bar ɗan saura kamar milimita ɗaya, sannan ka share shi da wuƙa. Wanda ya murɗe gutsure da hannu zai bar rami ko farin tabo a daidai inda ido ke faɗawa.

Wahalar tana wurin gam da fenti. Gam ɗin kit na asali, irin Tamiya Extra Thin ko Revell Contacta, narkar da fuskar robar yake yi har ɓangarori biyun su zama abu guda. Yana kama wuta, haka ma gwangwanin feshi da tina, wato ruwan sirka fenti, saboda haka yawancin masu sayarwa daga waje ba sa aiko su ta jirgin sama, kuma ba a yarda matafiyi ya sako su a jaka ba. Dole a nemi madadi a gida, kuma kowane madadi da halinsa.

Tinar masu fentin mota tana narkar da wannan robar, don haka tana iya zama gam: ka haɗa ɓangarorin biyu a bushe, ka taɓa bakin burushi mai tina a tsagin, ta bi layin da kanta, ka riƙe na daƙiƙa talatin. Ɗigo ɗaya idan ya zubo a bodi, ko ya bi ƙarƙashin yatsanka, zai bar zanen yatsan a jikin motar har abada. Sufa gulu tana riƙe duk abin da aka riga aka yi wa fenti, amma kada ta kusanci gilashi, domin tururinta yana barin farin hazo a cikin gilashin, wanda ba ya fita da sauƙi. Gilashi da murfin fitila farin gam na kafintoci ake sa musu, irin Top Bond, a ɗebo da tsinke. Yana bushewa garau, abin da ya yi yawa kuma a share da jiƙaƙƙen auduga. Gam ɗin bututun ruwa ya yi zafi da yawa, yana lotsa roba mai siriri. Sannan duk gam mai narkarwa ba ya kama fenti ko kurom, wato shafin ƙyalli mai ruwan azurfa, sai an kankare wurin haɗin da bakin wuƙa har robar ta fito.

Fenti iri uku ne, kuma sanin yadda suke zama da juna shi ne rabin aikin. Akwai akirilik na ruwa, irin Vallejo da Revell Aqua Color, a ƙananan kwalabe na mililita 17 ko 18. Su ne mafi sauƙin shigowa tunda ba sa kama wuta, ba su da wari, kuma sun wadatar ga kujeru da dashbod da inji da ƙarƙashin mota. Kwalba shida sun isa farawa: baƙi mai dushewa, baƙi mai ɗan sheƙi, fari, ruwan azurfa, ja, da ruwan ƙasa. Akwai fentin mai, irin Humbrol mai gwangwanin mililita 14, wanda ke kwanciya sumul da burushi amma sai ya kwana ya wuni kafin a taɓa shi, ya kuma yi mako kafin ya yi ƙwari sosai. Na uku fentin tina, mai bushewa cikin minti goma zuwa sha biyar, wanda ya fi kowanne sheƙi da ƙarfi. Gwangwanin Tamiya TS mai mililita 100 da Mr. Color duk wannan dangin ne, kuma gwangwani ɗaya yana gama bodin mota ɗaya. Ƙa'idar jeri ita ce mai zafi a ƙasa, mai sanyi a sama. Akirilik ko fentin mai a kan fentin tina lafiya lau. Fentin tina a kan fentin mai kuwa yamutsewa zai yi kamar fatar guza.

Tunda TS ba ya samuwa, yawanci gwangwanin feshi na kasuwa ake komawa, wanda ake fesa wa babur da ƙofar ƙarfe. Yana yi, amma don ƙarfe aka haɗa shi, wani yana da zafin da zai ci fuskar roba ta yi ƙuraje-ƙuraje. Maganin abin gwaji ne. Sami farin cokalin roba mai ƙaras, irin na shan fura da yogot, wanda yawanci robarsa ɗaya da ta kit, ka yi masa duk abin da za ka yi wa motar: faraima (shafin farko da fenti ke kamawa), launi, kiliya (shafin ƙarshe mai sheƙi marar launi), da tazarar lokaci iri ɗaya. Idan cokali ya tsira, mota za ta tsira. Kuma ka sayi faraima da launi da kiliya na kamfani ɗaya. Araha ba ta ado a nan, gwangwanin da ke tofar da fenti guda-guda zai ɓata maka aikin mako biyu cikin daƙiƙa biyar.

Yadda ake fesa bodi, da lokacin da ya dace

A bodi ake gane gwani. Da farko ka nemo siraran layukan da mazubi ya bari a kan bamba da gefen rufi da saman fitila, ka goge su da 600, ka bi da 1000. Ka wanke bodin da ruwa da sabulun wanke-wanke don cire maiƙon masana'anta da na hannu, ka bar shi ya bushe da kansa. Ka lanƙwasa wayar rataye kaya ta riƙe shi ta ciki. Ka girgiza gwangwani minti biyu cikakku. Tazara santimita 20 zuwa 25, ka fara danna feshin kafin hannunka ya iso kan motar, ka sake shi bayan ya wuce. Faraima shafi biyu marasa kauri, a bar ta ta kwana, a shafe ta da 1500 da ruwa. Launi kuma shafi biyu ko uku kamar yayyafi, minti goma sha biyar tsakani, sannan shafi ɗaya mai ɗan nauyi wanda zai kwanta da sheƙi. Hannu ya yi jinkiri, fenti ya zubo kamar hawaye. Ya yi nisa, fuskar ta yi kaushi kamar ɓawon lemo. Dukansu suna gyaruwa idan aka haƙura mako guda fentin ya yi ƙwari, a bi da 2000 da ruwa, sannan man goge mota. A yi hattara da kusurwoyi da bakin ƙofa, nan samfefa ke fara cinye fenti.

To amma yanayin Zariya yana da tasa maganar. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙura ce a iska ko da ɗaki a rufe yake, kuma bushewar iskar tana sa roba ta riƙa jan ƙura da kanta idan an goge ta da ƙyalle, kamar yadda biro ke ɗaukar takarda in an goga shi a gashi. Ƙari a kan haka, fentin tina yakan bushe tun a iska kafin ya sauka, ya zuba kamar gari. Wanda ya matsu sai ya yi feshi a hunturu, ya yayyafa ruwa a ƙasa, ya matso da gwangwanin zuwa santimita 15 ko 18, ya kuma kifa wankakkiyar roba mai murfi a kan motar da zarar ya ɗauke hannu, da ɗan tsinke a ƙarƙashi don tururi ya fita. A tsakiyar damina, musamman Agusta, matsalar ta juya: tina tana ƙafewa da sauri, ta sanyaya fuskar fentin, laima ta sauka a kai, sai baƙar mota ta wayi gari da farin dusashe. A jira rana mai haske, a yi feshi da hantsi ko azahar. Bazara kuma sai da sassafe, kafin rana ta ɗaga, kuma kada a bar gwangwani a rana ko a cikin mota. Mafi kyawun lokaci a shekara shi ne ɗan tsakanin nan na kaka, daga ɗaukewar ruwa zuwa saukar hazo, wajen watan Oktoba. Mai dabara yakan tara bodi biyu ko uku ya fesa su a lokacin, ya bar aikin ciki da na inji, wanda burushi ne, ya yi ta yi a hankali cikin hunturu.

Duk feshi a waje ake yi ko a bakin taga, da takunkumi, nesa da murhu da janareta da yara. Ƙaramar bindigar feshi da kwamfireso suna ba da aiki mafi kyau da ƙarancin fenti, amma sai an ga wuta, kuma ba abin saye ba ne kafin mota ta uku ko ta huɗu.

Sauran abubuwa biyu da ke ba sabon hannu kunya. Sitikar ruwa: a yanko ɗaya, a tsoma a ruwa mai ɗumi daƙiƙa goma zuwa ashirin, a ajiye ta saki da kanta, a zame ta kan motar, a matse ruwan da auduga daga tsakiya zuwa gefe. A kan fenti mai sheƙi ake ɗora ta, domin a kan mai dushewa iska tana maƙalewa a ƙasa, gefen ya yi fari. Motocin tsere sitikarsu tana da yawa ƙwarai, kuma ba kamar zuma ba, tsohuwar sitika ba ta magani: ta kit ɗin da ya shekara ashirin a ajiye tana iya wargajewa da taɓa ruwa. Na biyu kurom. Wanda ke zuwa a kit yakan yi ƙyalli irin na kayan wasa, kuma inda aka yanke shi daga reshe tabo yake bari. A jiƙa shi a Hypo ko Jik, kurom ɗin zai narke ya bar robar, a wanke, a sake fenti da ruwan azurfa a kan baƙi mai sheƙi.

Ita ma motar zubi tana da nata ciwon

Kada a ɗauka wanda ya sayi gamammiya ya huta. Ƙarfen da ake zuba su da shi gaurayen zinki ne da alminiyam da ɗan maganiziya da tagulla. Idan aka samu dalma ta gurɓata gaurayen tun a masana'anta, da shekaru sai ƙarfen ya kumbura, ya tsattsage, ya riƙa marmashewa kamar busasshiyar ƙuli-ƙuli, kuma laima tana hanzarta abin. Ba shi da magani. Ya fi yawa a tsofaffin motoci na shekarun 1930 zuwa 1950, amma yana ɓullowa jefi-jefi a na baya-bayan nan. Alamarsa ƙofa ko bonet da suka daina rufuwa daidai, da siraran tsagu kamar gizo-gizo a ƙarƙashin fenti. Duk motar hannu da za ka saya daga nesa, ka nemi hoton ƙasanta da na gefen ƙofofi.

Tayoyi su ne na biyu. Roba mai laushin da ake yin su da ita tana fitar da wani maiƙo wanda ke narkar da roba mai tauri, zafi kuma yana ƙara masa gudu. Motar da aka ɗaure da kusa a kan faifanta ta shekara a ɗaki mai rufin kwano, sai ka tarar tayoyin sun manne, ko sun yi gefe guda a baje. Ka sassauta kusar kaɗan, ka sa 'yar takarda mai kauri a ƙarƙashin kowace taya. Wannan ciwon har kit yana kamawa: tayar da ta kwanta a kan gilashi a cikin kwali tana barin tambarinta, saboda haka da kit ya iso a ware tayoyin a wata leda daban.

Game da inganci, Bburago da Maisto su ne na farawa a 1/18 da 1/24, suna da araha da ƙwari, ƙofofi suna buɗewa, sai dai maratayan ƙofar manya ne, fitilun kuma ba su cika kama da na gaske ba. Norev da Solido da IXO suna tsakiya. Minichamps da AUTOart suna sama a kyau da tsada. Akwai kuma irin su Spark da OttOmobile waɗanda ba ƙarfe ba ne, wani ƙaro ne ake zubawa: layukansu sun fi kaifi, amma ba abin da ke buɗewa, kuma in sun faɗi sun fashe. Ga mai odar da za ta bi hannu goma kafin ta iso Zariya, 1/43 a cikin akwatinta na gilashin roba ita ce mafi tsira. Ba ta kai rubu'in kilo ba, akwatin kuma shi ne maganin ƙura kyauta. Ta 1/18 da kwalinta takan kai kilo guda, madubai da waifa su ke fara karyewa a hanya, kuma dole ka nema mata kabad mai gilashi.

A ajiya dai dokar ɗaya ce ga duka biyun. Rana kai tsaye tana kashe jan fenti, tana mayar da farin gilashi ruwan ɗorawa. But ɗin mota a watan Afrilu yana iya lanƙwasa siraran ginshiƙan rufin kit. In hakan ta faru, a tsoma wurin a ruwan zafin da bai tafasa ba na 'yan daƙiƙu, a miƙe shi da hannu, a riƙe a ruwan sanyi. Gara tana cin kwali, kyankyaso yana lasar sitika, saboda haka kwalaye a sama suke zama, sitika kuma a leda mai zif tare da 'yar jakar tsotse laima da ke zuwa a kwalin takalmi. Ƙura da burushin kwalliya mai laushi ake kaɗe ta. Ƙyalle yana kama madubi ya tsinke shi.

Hanya ta uku, da wanda kowace ta dace da shi

Akwai wata hanya tsakanin biyun wadda, a ganinmu, ta fi kowace dacewa da abin da ke samuwa a garin nan: a sayi motar zubi mai araha a sake mata fenti. Bodin ƙarfe ba ya tsoron fentin kasuwa, duk zafinsa. A kwance kusoshin ƙasa, ko a huda kan ribit ɗin da ƙaramin diril, a ware gilashi da kujeru da tayoyi gefe, a cire tsohon fenti daga ƙarfen kaɗai da tina ko man birki, a wanke sosai, a sa faraimar ƙarfe, a fesa launin da ake so. Da haka 504 ta mujalla za ta koma launin wadda mahaifinka ya hau, ko na tasin garinku, har da lambarta a buge a takarda. Motocin gwanjo da fentinsu ya kankare su ne wurin koyo mafi sauƙi. Sai dai a sani, motar da aka sake wa fenti ta rasa darajarta a wurin masu tarawa, don haka mai tsada ko mai wuyar samu a bar ta yadda take, da kwalinta.

Wanda yake son ɗanɗana haɗawa ba tare da fenti ba yana da Assembly Line na Maisto, bodin ƙarfe mai fenti da ake ɗaurewa da sukudireba, ko Easy-Click na Revell, ko Snap Kit na Aoshima mai 1/32, waɗanda ke shiga juna ba gam. Awa ɗaya ko biyu sun gama. Su suka dace da yaro ɗan shekara goma zuwa sama, babba na kusa da shi.

Saboda haka, mai son tarihin motocin hanyoyinmu, ko mai ƙaramin wuri, ko mai ƙananan yara a gida, ko wanda aiki bai bar masa lokaci ba, ya tara 1/43, ya kuma zaɓi jigo guda, misali Fijo daga 403 zuwa 406, maimakon sayen duk abin da ya gani. Wanda kuwa hannunsa ne ke ƙaiƙayi, yana da teburin da zai bar kaya a baje na makonni, kuma zai iya ba mota ɗaya awa ashirin zuwa talatin, kit ne nasa. Ya fara da Tamiya, domin gutsattsarinta suna zama a mazauninsu ba dambe, takardar bayanin kuma hoto ce da kowa zai bi. Ya zaɓi motar titi mai launi ɗaya, wadda ba ta da sitika da yawa, fara ko ruwan toka ko shuɗi mai haske, domin baƙi da ja suna tona kowane kuskure. Tsofaffin kit na Heller da AMT suna da motoci masu ban sha'awa, amma suna buƙatar goga da cike tsagu, a bar su sai hannu ya faɗa. Revell tana buga matakin wahala daga 1 zuwa 5 a jikin kwali, na 3 ya isa farawa. Wasu kit na tsere suna zuwa da ɗan direba, wanda ba ya son ajiye mutum-mutumi a gida sai ya bar shi a reshensa, motar ba ta rasa komai ba.

Ranar da kwalin ya iso, kafin ka yanke ko da gutsure ɗaya, ka buɗe takardar bayani ka ƙirga rassan da haruffansu, A da B da C, ka ɗaga reshen gilashi a haske ka duba tsagewa, ka ɗora bodin a kan shasi ka ga ko kusurwa huɗun sun zauna. Mai sayarwa yana sauraron ƙorafi ne muddin ledojin ciki ba a farke suke ba.